Ƙudan da Ba a San Garinsa Ba

Ina goge murfin wani ɗan akwati ne wayata ta yi ƙara. Da safe ne, ko ƙofar shago ban gama buɗewa ba. Na ga lambar 'yar abokina ta fari, na ɗauka da hagu saboda hannun dama duk garin katako ne. Ba ta gaishe ni ba, ita da ba ta taɓa mantawa da gaisuwa.

"Baffa," ta ce, "Baba ya rasu."

Na ce mata ga ni nan zuwa. Amma ban tafi nan take ba. Na zauna a kan benci, akwatin yana kan cinyata, domin nasa ne. Shi ya sa ni in yi masa, bai fi tafin hannu ba, da murfin gilashi. Saura in sa masa maƙulli kawai.

Mai Ƙuda ake ce masa, har matarsa in ta yi fushi haka take kiransa. Shi kuma Zarto yake ce mini, wai muryata kamar ana yanka ɗanyen itace. Mun haɗu muna samari, lokacin da aka kira ni gyaran kabad a wata ma'aikatar binciken noma da ke bayan gari. Aka nuna mini wani ɗaki a ƙarshen baranda, mai taga ɗaya. Ina buɗe ƙofa warin kafur ya doke ni har idona ya kawo ruwa. Kabad ne jere daga ƙasa har sama, kowanne cike da durowa marasa zurfi, kowace durowa da gilashi a kanta. A ƙarƙashin gilashin ƙwari ne busassu, an soke kowanne da siririyar allura, an jera su sahu-sahu.

Na ce a'uzubillahi, wannan wane irin asiri ne? Sai na ji dariya daga bayan kabad. Wani siririn saurayi ya leƙo da hantsaki a hannu, ya ce in kwantar da hankalina, duk matattu ne, kuma sun fi mutanen ofis kirki.

Da shara ya fara a ɗakin. Akwai wani dattijo mai kula da wurin da kowa ke kira Tsoho, shi ya ga yaron nan yana da ido da natsuwar hannu, ya koya masa soke ƙwaro da shanya fiffike. Da Tsoho ya yi ritaya, ɗakin ya koma hannunsa. Ba ya rubuta littafi, ba ya zuwa taro. Masu karatun ne ke kawo ƙwari daga gona, shi kuma ya busar, ya soke, ya kai kowa wurin danginsa. Ƙwari irin su malam-buɗe-littafi da buzuzu yana yi musu aiki ne don dole. Ƙudaje su ne mutanensa.

Ni a wurina ƙuda ƙuda ne, abin kora. Shi ya zaunar da ni ya ce ƙuda kamar gari ne. Akwai manyan gidaje, a cikin kowane gida akwai ɗakuna, a cikin ɗaki akwai 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Ana gane su da jijiyoyin fiffike, da gashin baya, da yadda baki ya zauna. Ya kan ɗora guda a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ya ce in duba. In na ce ban ga komai ba sai ƙazanta, ya ce ai shi ya sa durowar da nake yi ba ta taɓa rufuwa daidai.

Ƙarya yake, durowata tana rufuwa. In ba ta rufu ba iska ta shiga, wasu ƙananan ƙwari su bi su cinye na ciki. Da haka aiki ya haɗa mu, daga baya ba aiki ma muna tare. Ni na raka shi neman aure. A hannuna aka fara ɗora 'yar da ta kira ni ranar nan.

Ɗakin yana da doka guda wadda ba a ɗaga wa kowa. A jikin kowace allura, ƙasa da ƙwaron, akwai 'yar takarda kamar farce, an rubuta inda aka kama shi. Ƙwaron da takardarsa ta ɓace ba shi da amfani, komai kyansa, tunda ba zai iya shaidar ƙasar da ya fito ba. Irin waɗannan kwandon shara ake zuba su. Abokina bai taɓa zubar da ko ɗaya ba. Ya sa na yi masa wata durowa a can ƙasa, wadda ba ta cikin lissafin ma'aikata, yana tara su a ciki. Ɗakin marayu yake kiranta. Na daɗe ina tsokanarsa da ita kafin in san dalili.

Wata rana da yamma yana zaune a shagona, ina haɗa ƙafar tebur, ya ce shi ma fa ba shi da takarda. Na ɗauka wasa ne. Ya ce mutumin da na sani a matsayin babansa, mai gadin tashar jirgin ƙasa, ba shi ya haife shi ba. A wani tarago ya tsince shi bayan kowa ya sauka, yaro wanda ya fara magana amma bai iya faɗin sunan gari ba. An ce yana faɗin wasu kalmomi da babu mai ji a tashar. Aka yi cigiya har aka gaji. Mai gadin da matarsa suka riƙe shi da amana, kalmomin kuma suka zube daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya, har babu saura.

Abu ɗaya ya rage masa da yake tunawa. Ruwa mai gudu a kan duwatsu. Wata mata ta juya masa baya tana wanki, hannunta jiƙe har gwiwa, tana juyowa rabi-rabi ta ga ko yana nan inda ta ajiye shi. Fuskarta ba ta fitowa. Kusa da shi akwai wani faffaɗan ganye, a kansa ƙudaje biyu sun tsaya gaba da gaba, idanunsu ba a kai suke ba, suna can a ƙarshen wasu tsinkaye dogaye, ɗaya dama ɗaya hagu.

Na ce wannan ai mafarkin yara ne, ina aka taɓa ƙuda mai ido a tsinke? Washegari ya ja ni ɗakin, ya zaro durowa uku cike da su.

Masu ido a tsinke, haka yake ce musu. Gida guda ne a cikin ƙudaje, ba kowa ya san da su ba, don ba sa bin abinci, ba sa shiga ɗaki. Gefen rafi suke so, inda akwai inuwa da laima. Wasunsu tsutsarsu tana huda karan shinkafa, shi ya sa ma'aikatar ta damu da su. Ya ce mazan su kan tsaya goshi da goshi su auna tsinkayensu, wanda nasa ya gaza ya ja da baya. Na ce ashe har a cikin ƙuda akwai 'yan nuna isa. Ya ce yawancinsu a ƙasashe masu zafi suke, wasu a wannan ɓangaren duniya, wasu can ƙetaren teku, kuma kowane iri da yankinsa. Akwai wanda ya bazu ko'ina, akwai wanda in ba a kwarin dutse kaza ba ba za ka gan shi ba. Ya kuma ce an samu kakanninsu a cikin ƙaron itace da ya daskare tun zamanin da, a ƙasashen sanyi inda yanzu da ƙyar ake ganin danginsu. Wannan maganar tana yi masa daɗi. Ya kan ce ka gani, su ma ba a gama sanin inda suka taso ba.

Sai ya durƙusa ya jawo ɗakin marayu. A kusurwa akwai ɗaya shi kaɗai. Tsinkayen idonsa sun fi tsawon jikinsa, baƙaƙe wuluk, jikin kuma ja ne, da ɗigo a ƙarshen fiffike. Ya ce ranar da ya fara lura da shi, nan take ya gane shi. Shi ne na kan ganyen, ba kama ba, shi ne. Ya duba duk durowar ɗakin, ya duba hotunan littattafan da ke ofis, babu mai wannan kai da wannan jiki. Kuma ba takarda a allurarsa.

Lissafinsa mai sauƙi ne, ni ma da ban yi nisa a makaranta ba na gane. In irin nan ba a ko'ina yake ba, to yana da rafi nasa. Ranar da aka samu rafin, an samu inda matar nan take wanki.

Daga nan hutunsa na shekara ya daina zama hutu. Ya kan ɗauki raga da kwalabe ya bi layin dogo, ya sauka a tasha, ya tambayi inda ruwa yake. Shekara ta gaba ya sauka a ta gaba. Matarsa ta kan ce mini, "Baffan yara, ka yi wa abokinka magana. Mazan mutane suna dawowa daga tafiya da tsaraba, nawa da gawar ƙuda." Amma ita ke wanke masa kwalaben, ita ke ɗinke ragar in ƙaya ta yaga. Ta san abin da yake nema. Yaran ma sun sani, don a makaranta in aka tambaye su garin kakanninsu, sai su ce babansu yana kan dubawa.

Sau ɗaya na bi shi. Muka wuni a bakin wata ƙorama, sauro ya yi mini rugu-rugu. Ya kama masu ido a tsinke da yawa, yana ɗaga kwalba sama yana dubawa, yana sakewa. Can wata mata ta sauko da kwanon wanki a ka. Na ga ya tsaya cak, raga a hannu, yana kallon bayanta har na ji kunya na taɓa shi. Yarinya ce ma, ba ta kai 'yarsa ba. A hanyar dawowa, da muka kusa gida, ya ce ba haka duwatsun suke ba.

Bai zama mahaukaci a kan abin ba, kada a fahimce ni a karkace. Mutum ne mai dariya, mai son rediyo, mai gyara wa maƙwabta fitila ba a roƙe shi ba. Bai taɓa fasa zuwa aiki ba. Kawai dai akwai ƙofa guda a cikinsa da kullum take a buɗe, iska tana shigowa.

Saura kaɗan ya yi ritaya aka kawo wata malama, wadda karatunta duk a kan waɗannan ƙudajen ne. Ta zo ta sake tsara su, don an gano wasu da ake ɗauka 'yan ɗaki ɗaya ashe ba haka ba ne. Mace ce mai ladabi, Baba take ce masa, in ya yi magana ta ajiye biro ta saurara. Ya yi kwanaki yana juya abin a ransa kafin ya nuna mata. Har sabuwar riga ya sa ranar. Ni ma ina ɗakin, ina canja gilashin wata durowa.

Ta ɗora ƙudan a ƙarƙashin madubi. Da farko na ga ta gyara zama kamar wadda ta yi tsintuwa. Ta juya allurar, ta ƙara haske, ta daɗe. Sai kafaɗarta ta sauka. Ta tambaye shi wa ke kula da ɗakin kafin shi, kuma in kan ƙwaro ya karye ya faɗi yaya ake yi.

Ya ce Tsoho ba ya iya ganin ƙwaro ba kai. Busasshen ƙuda wuyansa kamar zare yake, ana jan durowa da ƙarfi sai kai ya faɗo. To lokaci-lokaci Tsoho ya kan tattara kawunan da suka gangara kusurwa, ya ɗebo gam a bakin allura, ya mayar wa kowa nasa. Yana cikin faɗin haka muryarsa ta fara raguwa.

Ta matsa ta ce ya duba da kansa. A wuyan akwai ɗan ƙyalli, launin zuma. Gam ne. Ta yi masa bayani a hankali, kamar mai gaya wa mutum rashin lafiyarsa. Jikin na irin da ke cike a gonar shinkafar bayan ma'aikata ne. Kan kuma na wani iri ne daga ƙetaren teku, cikin waɗanda aka taɓa aiko wa ɗakin kyauta tun da daɗewa. Tsoho ya tsinci kai, ya ga jiki ba kai, ya haɗa. Irin wannan kuskure, in ji ta, ana samunsa a tsofaffin ɗakunan ƙwari. Wannan ƙudan bai taɓa tashi ba, bai taɓa sauka a kan ganye ba.

Ba ta san labarin matar ba. Da ta ga fuskarsa ta fara ba shi haƙuri, ita kanta ba ta san na mene ne ba. Ya ce ba komai 'yata, aikinki kika yi, Allah ya yi albarka. Ya mayar da ƙudan kusurwarsa, ya rufe durowa a hankali yadda kai ba zai faɗo ba.

Na yi zaton baƙin cikinsa na shekarun da ya ɓata a bakin ruwa ne. Ba shi ba ne. Bayan kwana biyu ya zo shago ya zauna a inda ya saba. Ya ce lokacin da yake sabon zuwa, shi ke riƙe wa Tsoho kwalbar gam. Ke nan wataƙila a gabansa aka haɗa ƙudan, ya gani ya manta, daga baya ya sake gani ya ce ya san shi tun yana yaro.

"To in ƙudan daga durowa na ɗauko shi, Zarto," ya ce, "ita daga ina na ɗauko ta?"

Na ce masa yara suna ganin ƙuda a bakin rafi, ba abin mamaki ba ne, wataƙila launin ne kawai ya rikice masa. Ya gyaɗa kai don ya faranta mini. Ya ce da, in ya rufe ido yana jin ƙarar ruwan. Yanzu in ya kira wurin, warin kafur ne ke fara zuwa.

Bai sake ɗaukar raga ba. Matarsa ta rataye ta a bayan ƙofa, ta ce mini da ta san haka gidan zai yi shiru da ba ta taɓa yi masa gorin tsaraba ba. Ranar da ya bar aiki, malamar ta sa ƙudan a kwalin ashana ta ba shi, tunda dai ba shi da gurbi a kowace durowa. Sauran marayun ta yi masa alkawarin ba za a zubar ba. Daga nan ciwon ƙafa ya zo, sai na ƙirji. Ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa tsakiyar hannu.

Bayan an gama zaman makoki, mutane sun ragu, 'yarsa ta kawo mini kwalin ashanar. Ta tsaya tana murza bakin mayafinta, ta ce Baffa, kai da ka fi kowa saninsa, mu 'yan ina ne? Na ce ta ba ni lokaci.

Na sa wa akwatin maƙullinsa. Ƙudan yana ciki, a kan shiryayyen da nake ajiye ƙusoshi, da ƙwayar kafur guda a gefe. In rana ta shigo ta ƙofa, inuwar tsinkayen nan tana miƙewa a kan katako kamar mutum ya ware hannu. Wani lokaci ina yanka katako, in zarto ya tsaya sai in ji kamar ruwa yana gudu a bayan shago, alhali ba ko famfo a wurin. Kuma ina ganinta. Ni da aka haifa a gidan da na san kowane bango nasa, na san uwata, na san kabarinta, in na rufe ido ina ganin bayan wata mata da ban taɓa sani ba, tana juyowa rabi-rabi. Ban gaya wa iyalina ba. Ban sani ba ko wannan yana nuna cewa abokina ya yi gaskiya da ya ji tsoro, mutum yana iya aron abin tunawa ya zama nasa. Abin da na sani shi ne ba ni da ikon barinta ta tafi.

Ganina da shi na ƙarshe da la'asar ne, a ƙofar gidansa, an fito masa da kujera ya sha iska. Na je da ma'auni don in auna tsawon allurar. Ya buɗe kwalin ashanar da kansa, ya kama allurar. Ya ce ya yi tunani, kan na gaske ne, jikin ma na gaske ne, kowanne akwai rafin da ya taɓa sha. Wuyan ne kawai aikin mutum. Ya ce in bar ɗan fili a ƙasa, wurin takarda. Na ce me za a rubuta? Ya ce in dai bari.

Na tashi zan tafi ya riƙe mini bakin riga. Ya ce kwanakin nan in ya nemi wurin ba ya samun komai, ko kafur ɗin ma ya daina zuwa.

"Yaya na ce maka take, Zarto?"

"Ta juya maka baya, tana wanki."

"Hannunta fa?"

"Jiƙe, har gwiwa."

"Tana juyowa?"

"Tana juyowa ta ga ko kana nan."

Ya saki rigata, ya jingina da kujera.

"To riƙe mini ita," ya ce.

Na ce, "Tana wurina."